Ruwa a Garwar Baba

Akwai wata mata da kowa ke kira Auta, ko da yake ita ma ta haifi 'ya'ya har sun fara tasawa. Aikinta gwajin madara ne a wata 'yar cibiya da masu shanu ke kai madararsu kowace safiya. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, da ƙaton tankin sanyi a ciki yana ta gurnani, sai tebur a bakin ƙofa inda take tsayawa.

In mutum ya sauke garwarsa, Auta za ta buɗe murfi ta fara shinshinawa. Sai ta motsa madarar da dogon ludayi, ta ɗebi kaɗan ta zuba a wata doguwar kwalba, ta saki ma'auni a ciki. Ma'aunin ɗan gilashi ne mai ƙaton ciki da siririn wuya, an ja masa jan layi a wuyan. In madara tsantsa ce, sai ya yi iyo ya tsaya daidai layin. In an sirka ta da ruwa, sai ya nutse, layin ya ɓace.

Tana kuma da 'yar kwalbar aidin, irin wanda ake sa wa ciwo. Wanda ya dama gari ko sitaci don madararsa ta yi kauri, ɗigo ɗaya zai mayar da ita shuɗiya a gaban idonsa. Wanda ya barbaɗa garin sabulu, girgiza kwalba kawai za ta yi, kumfa ya tashi ya ƙi kwanciya. Wadda ta fara lalacewa kuwa, cokali ɗaya a kan ɗan risho ya isa, sai ta tsinke ta yi gudaji.

Masu shanu ba su cika son teburin nan ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Wa ke son a shinshina masa kaya a bainar jama'a? Amma Auta ta san inda madarar ke zuwa. Mota ce ke ɗaukar ta zuwa cikin gari, daga can ta shiga kofin yara 'yan makaranta, da na masu jego, da na marasa lafiya. Garwa ɗaya mai datti ta isa ta ɓata tanki guda.

A duk masu bin layin nan, mutum ɗaya ne take ɗokin gani, wato yayanta. Dogon mutum ne marar yawan magana, ga riƙon mutunci har ya so ya yi yawa. Shi ya riƙe ta tun tana 'yar mitsitsiya, bayan rasuwar iyayensu. Abin da aka bar musu shi ne 'yan shanu, da tsohon keke mai ƙararrawar da muryarta ta dishe, da garwar madara ta Baba. Garwar ta sha duniya, duk jikinta ya lotse, amma Yaya bai taɓa yarda a yi masa zancen sauya ta ba.

Lokacin da Auta ke ƙarama, in ya gama tatsa sai ya zuba mata madara mai ɗumi a murfin garwar. Ta riƙe da hannu biyu ta kafa kai, ta ɗago da farin kumfa a leɓenta na sama. Shi kuma ya kwashe da dariya ya ce, "Goge bakinki, Mai Gashin Baki, kada mutane su gani."

Sunan ya bi ta har ta girma. Ko ranar da ta fara aiki a cibiyar, sanye da farar riga da hular aiki, da sunan ya gaishe ta a gaban kowa. Kullum tana jin dishin ƙararrawarsa tun daga kwana, kafin ma ta hango shi. Kuma shekara da shekaru ma'auni bai taɓa samun madararsa da aibi ba.

Sai rani ya tsananta. Ciyawa ta bushe, shanu suka rage nono. A irin wannan lokacin ne hannun wasu ke kaiwa ga ruwa don garwa ta cika. Auta ta mayar da mutane da dama, ciki har da wani mai baki da ake kira Mai Babur. Shi da aka mayar, ya tafi yana faɗa yana ƙarawa, wai zai so ya ga ranar da abin zai zo kan na gida.

Wata safiya Yaya ya sauke garwarsa kamar kullum, Mai Babur na tsaye a bayansa. Auta ta shinshina, ta motsa, ta zuba a kwalba, ta saki ma'auni tana yi wa Yaya hirar yaranta. Da ta waiga, jan layin ya ɓace cikin madara.

Ta zubar, ta ɗauraye kwalbar, ta sake ɗiba. Ma'aunin ya sake nutsewa. Ta ɗauko wani sabo daga cikin kwali ta gwada, shi ma haka.

"To, madalla," in ji Mai Babur, yana leƙowa ta kafaɗar Yaya. "Yau za mu gani ko gilashin nan ya san ɗan'uwa."

Auta ta rage murya ta ce, "Yaya, akwai ruwa a ciki. Ba zan iya karɓa ba."

Da a nan ta tsaya, da wataƙila abin bai yi nisa ba. Amma zuciyarta ta yi zafi, kunya da takaici suka taru suka rufe ta, sai bakinta ya riga ta. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Haba Yaya, me ya sa?"

Yaya ya tsaya yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Me ya sa?" ya ce a hankali. "Ni kike tambaya me ya sa? Wato kin ma gama yanke hukunci ni na zuba."

"Yaya, ba haka..."

"Da hannun nan na tatsi madarar da kika girma da ita. Ko ranar da babu abin da za mu ci, ban sa wa kowa ruwa ba. Yau ke ce za ki tsaya a gaban mutane ki tambaye ni me ya sa."

Ya mayar da murfi, ya ɗaure garwar a bayan keke. Bai hau ba, tura shi ya yi har ya sha kwana. Auta ta ce wa na gaba ya matso.

Tun daga ranar Yaya bai sake zuwa cibiyar ba.

Jama'a, kewa mugun ciwo ce, musamman kewar wanda ke raye, yana nan kusa, ka san gidansa, ka san har lokacin da yake tashi. Kowace safiya Auta na aiki kunnenta na kan hanya. Keke ya yi ƙararrawa sai ta ɗago, ludayi a hannu, sai ta ga mai burodi ne ko wani ɗan makaranta. Akwai wani dutse a gindin bishiyar ƙofar cibiyar inda Yaya ke jingina kekensa. In wani ya jingina nasa a wurin, sai ta ji haushin mutumin ba gaira ba dalili.

Ta je gidansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa ba tare da ya kalle ta ba.

"Lafiya lau, Malama. Ya aiki?"

Malama. Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Yana gama amsawa sai ya ɗauki sandarsa ya yi wajen shanu. In ta kai masa 'yar tsaraba, matarsa ce ke karɓa ta yi godiya, shi ko kallon ledar ba ya yi. Sau nawa ta ɗauko waya ta nemo lambarsa, ta zuba wa sunan ido, ta mayar jaka.

Abin da ya fi cin ranta shi ne ta kasa gane abin da ya faru. Ta san ma'auni ba ya ƙarya. Ta kuma san yayanta. In ta gaskata ɗaya, sai ɗayan ya tsaya mata a maƙoshi.

Direban motar madara, wani mai barkwanci da ya daɗe da sanin su, ya lura ta rame. Wata rana yana jiran a cika tanki ya ce mata, "Ke ma dai da taurin kai. Ki aika masa ya dawo, in ya kawo ki kau da kai. Garwa ɗaya a cikin wannan uban tankin, wa zai sani?"

"Cikin yaro zai sani," in ji Auta.

"To, ni dai na faɗa. Yaran gari ba za su zo miki zaman makoki ba, ɗan'uwa ne zai zo."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Maganar kuwa ta bi ta har gida.

Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ita ma ta kawo tata shawarar. Ta raka ta bakin ƙofa wata yamma ta riƙe mata hannu.

"Auta, kin san halin yayanki. Shi ma fa ba ya jin daɗi. Da safe sai ya ɗaure garwa ya nufi hanyarku, ya tuna, ya juya ya kai wa mai shayi madarar ya sayar. Abu ɗaya za ki yi. Ki ce masa kin gano gilashin ne ya lalace ran nan. Ki ba shi haƙuri, shi ke nan magana ta wuce."

Auta ta juya maganar a ranta. Kalma kaɗan ce. Tana faɗa, ƙararrawar nan za ta dawo, sunan nan zai dawo. Har ta juya ta koma cikin gidan, ta tarar da Yaya zaune a kan tabarma yana gyaran igiya. Ta buɗe baki.

Sai ta hango washegari. Zai zo da garwarsa yana murna, ta saki ma'auni. In ya sake nutsewa fa? Ko dai ta sake kunyata shi, ko ta juye madarar a tanki ta aika wa 'ya'yan mutane abin da ba ta san mene ne ba.

"Sai da safe, Yaya," ta ce.

"Allah Ya kai mu, Malama."

Ta yi kuka a hanya, ba ta ma damu da masu kallon ta ba.

Haka aka yi ta tafiya, har wata rana da hantsi, bayan layi ya watse, sai ga Anti a cibiyar. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta zauna a kan benci tana murza bakin mayafinta.

"Yarinyar nan ce," ta ce. Jikarsu take nufi, 'yar ƙarama da ke hannunsu. "Ciki ya ƙi tsayawa. A kai ta asibiti ta samu sauƙi, a dawo gida kwana biyu abu ya dawo. Sun tambaye ni abin da take ci da abin da take sha. Ga mai shayi ma ya ce kada a sake kai masa, wai madarar ba ta da jiki."

"Tana shan madarar?"

"Kullum da safe. Kafin ya fita sai ya zuba mata a murfin garwa, yadda ya riƙa yi miki."

Auta ta ji abu biyu a lokaci guda. Ta ji kewar murfin nan ta soke ta har ƙirji, ta kuma ji tsoro.

"Ana tafasawa?"

"Kin san shi. Wai madarar saniyarsa ba ta buƙatar wuta."

"Daga yau kada ta sake shan ko cokali sai an tafasa. Sannan ina so ki kawo mini kwalba biyu. Ɗaya ki ɗiba daga bokitin tatsa da yamma, ana gamawa. Ɗayar ki ɗiba daga garwa da safe."

Anti ta ɗago ta dube ta. "Ko ni kike zargi, Auta? Faɗa mini gaskiya."

"Anti, na yi irin wannan tambayar sau ɗaya, ta raba ni da Yaya. Ba zan ƙara ba. Ban san wanda ya zuba ba, ban ma san ko wani ya zuba ba. So nake in san inda ruwan ke shiga."

Washegari kwalabe suka iso a cikin jakar Anti. Auta ta gwada ta bokiti, ma'auni ya tsaya cak a kan jan layi. Ta gwada ta garwa, ya nutse. Ta ɗaga kwalbar ta biyu wajen haske, ta ga wani ɗan ƙura-ƙura kore ya kwanta a ƙasa.

A ranar, tana tashi daga aiki, ta saka ma'auninta a jaka ta nufi gidan Yaya. Ta isa da la'asar sakaliya, ana shirin tatsa. Garwar Baba na kife a kan dutse tana bushewa.

Ta gaishe shi, ya amsa da Malamarsa. Wannan karon ba ta bar shi ya wuce ba.

"Yaya, in ka tatsa da yamma, ina garwar ke kwana?"

Ya nuna da haɓa. "Ba ke kika ce a riƙa saka ta cikin ruwa don kada zafi ya lalata madara ba? Abin da kika ce shi nake yi."

Ta bi inda ya nuna da kallo. Kwamin siminti ne, wanda shanu ke shan ruwa a ciki. Ruwan ya yi kore a gefe-gefe, ga ciyayi da yawun shanu na yawo a kai. A bakin kwamin akwai wani ƙaton dutse.

"Dutsen nan fa?"

"Tun da nono ya ragu, garwar ba ta cika. In na saka ta sai ta taso tana neman kifewa. Shi nake ɗora mata a kai ta zauna, ruwa ya kai mata har wuya."

Auta ta je ta ɗauko garwar.

"Ajiye mini kayana," in ji Yaya. "Nan ba teburinki ba ne."

"Yaya, ba madararka na zo aunawa ba. Garwar na zo aunawa. In ban ga komai ba, na yi maka alkawari ba zan sake tayar da maganar nan ba."

Ta goge cikin garwar da tsumma har ta bushe ƙarau. Ta naɗe hannun rigarta, ta danna ta cikin kwamin da dukkan ƙarfinta, ruwa ya kai mata wuya. Ta riƙe.

"Zo ka leƙa."

Ya daɗe a tsaye kafin ya matso. Anti ma ta ajiye bokiti ta zo. Suka haɗa kai a bakin garwar.

Can ƙasa, inda gindin ya haɗu da jiki, wani ɗan ɗigo ya fito yana ƙyalli. Ya kumbura, ya gangara. Wani ya biyo shi. Kafin wani lokaci ruwa ya yi ɗan siririn layi a gindin garwar.

"Tsaga ce, ko gashi ya fi ta kauri," in ji Auta. "Da garwar na cika, madarar ciki ta fi ruwan waje tsawo, ruwa ba ya samun hanya. Yanzu da take rabi, ga dutse ya danne ta, ruwan ne ke turawa ciki dare guda."

Yaya ya zauna a bakin kwamin. Ya dubi koren ruwan, ya dubi ɗakin da jikarsa ke kwance.

"Ina ganin danshi a gindinta in na ɗaure a keke," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sai in ce ruwan kwami ne bai bushe ba. In na buɗe da safe na ga ta ɗan ƙaru, sai in yi godiya, in ce albarkar Baba ce ke bin garwarsa." "Ashe ruwan da shanu ke sa baki nake ba yarinyar nan da hannuna."

Anti ta fara sharar hawaye. Auta ta fito da garwar, ta durƙusa a gabansa, rigarta duk ta jiƙe.

"Yaya, akwai ruwa a madarar, wannan ba zan janye ba. Amma ban ga ka zuba ba, na tambaye ka kamar na gani. Ka yafe mini. Wallahi na yi kewarka."

Bai dube ta ba. Ya ɗauki garwar ya ɗora a cinyarsa, yana shafa inda ta lotse da babban yatsa.

"Rana ta kusa faɗuwa," ya ce. "Tafi gida, yara na jiran ki."

Ta tafi da zuciya mai nauyi fiye da yadda ta zo. Da fushi ne ya hana shi zuwa, yanzu kuma ga kunya ta ƙaru a kai. Mutum irin Yaya yana iya yafe wa wanda ya yi masa laifi, amma ya sake tsayawa a layin da aka mayar da shi, alhali ya san gaskiya aka faɗa, wannan wani abu ne daban.

Anti ta aiko da labari cewa yarinya ta warware, har ta fara ƙiriniyarta. Auta ta yi hamdala. Amma safiya ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, dutsen gindin bishiya babu keke. Ta hana kanta ɗagowa in ta ji ƙararrawa, sai dai kunne ba ya jin hani.

Wata safiya tana cikin ɗiga aidin a madarar wani, ta ji ta. Dishin nan da ta sani tun ba ta iya magana ba. Ba ta ɗago ba, don tana tsoron ta ɗago ta ga mai burodi.

"A'a! Wa nake gani?" Muryar Mai Babur ce. "Ashe dai ana dawowa?"

Yaya ya jingina kekensa a dutsen. A bayan keken akwai sabuwar garwa tana walƙiya. Bai tsallake kowa ba, ya bi layi har ya iso gaban tebur. Kafin ya sauke, ya juya ya fuskanci mutanen.

"Ku da kuke nan ran nan, ku saurara. Akwai ruwa a madarata, gaskiya ƙanwata ta faɗa. Garwata ce ta tsage ban sani ba, ruwan kwamin shanu ke shiga. Har jikata ya kwantar. Duk mai tsohuwar garwa ya je ya danna ta cikin ruwa ya leƙa. Kuma a daina kwantar da ita inda dabba ke sha."

Mai Babur ya hau gyaran igiyar garwarsa.

Yaya ya ɗora sabuwar garwar a kan tebur ya buɗe. Auta ta tsaya riƙe da ludayi. Ba ta son komai a duniya a lokacin kamar ta ce masa ya wuce kawai.

"Auna," in ji Yaya.

"Yaya, ai sabuwa ce..."

"Na ce ki auna. Duk abin da kike yi wa kowa ki yi mini. Ranar da kika bar aunawa saboda ni, ranar ce za mu ɓata na gaske."

Ta shinshina. Ta motsa, ta ɗiba, ta ɗiga aidin, madara ta tsaya fara sol. Ta girgiza kwalba, kumfa ya tashi ya kwanta. Ta ɗora cokali a wuta, madarar ba ta tsinke ba. Sannan ta saki ma'auni. Ya nutsa, ya taso, ya ɗan yi rawa, ya tsaya a kan jan layi.

"Ta yi," ta ce. "Na karɓa."

Direba ya buga tafi daga inda yake. Yaya ya koma wajen kekensa ya kwance wata jaka, ya fito da ɗan fulas, da kuma wani abu a naɗe cikin tsumma. Da ya warware, sai ga murfin garwar Baba, an wanke shi tas.

"Mai walda ya ce garwar ba ta gyaruwa," ya ce. "Amma murfin lafiyarsa ƙalau."

Ya tsiyaya madara a ciki, tururi na tashi, ya miƙa mata.

"Na tafasa, kafin ki fara mini wa'azi."

Auta ta karɓa da hannu biyu. A gaban layi, sanye da farar rigar aiki, uwar 'ya'ya guda, ta kafa kai ta sha, hawaye na zuba cikin murfin. Da ta ɗago, Yaya ya dube ta, bakinsa na motsi yana ƙoƙarin danne dariya.

"Goge bakinki, Mai Gashin Baki," ya ce. "Mutane na kallo."

Darasi: Kada son ɗan'uwa ya sa ka rufe ido a kan abin da zai shiga cikin mutane, domin ƙaryar da za ta faranta masa yau tana iya kwantar da ɗansa gobe. Amma in ka ga aibi, faɗi abin da ka gani ka tsaya nan, kada ka yanke wa mutum hukuncin abin da ba ka gani ba. Ka yi haƙuri ka bi diddigi, gaskiyar da ta raba ku ita ce za ta dawo da shi. Masu madara a duba garwa, masu saye a tafasa kafin a ba yara. In akwai wanda kake kewa saboda wata kalma da ta fita, tura masa labarin nan, sannan ka yaɗa shi ga sauran 'yan'uwa don su ma su amfana.